Babanmu na da kansar nono, ya ƙi yarda a yi masa aiki. Yaya za mu yi?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, musamman daga likitoci da waɗanda suka taɓa ganin irin wannan a gidansu.

Wata 6 da suka wuce Baba ya ji wani ƙullutu mai tauri a bayan kan nononsa na hagu. Da yake ba ya ciwo, sai ya yi shiru. Sai da kan nonon ya fara shigewa ciki, jini na ɓata masa singileti, sannan Inna ta matsa aka je asibiti. Aka ciri ɗan tsoka aka gwada, aka ce kansar nono ce. Likita ya ce maza ma suna kamuwa, kusan 1 cikin 100 na masu cutar. Za a cire nonon, sannan ya sha wani magani mai suna tamoxifen na wasu shekaru.

To, nan fa ake yin ta. Baba ya ce ba za a yanka shi a kan "ciwon mata" ba. Ya daina fita majalisa, ya koma sassaƙe da rubutu. Ba mu raina addu'a, amma ƙullutun ƙaruwa yake, har kaluluwa ta fito masa a hammata. Ni kam kunyar nan ta fi cutar ba ni tsoro.

Wa za mu sa ya lallashe shi, liman ko amininsa? Sannan likita ya ambaci gwajin BRCA2, wato na gano ko mutum ya gaji haɗarin kamuwa da cutar, tunda ita ce ta yi ajalin yayar Baba. Mu 'ya'yansa, har da maza, ya kamata mu yi? A ina ake yin sa a Najeriya?