Na koma buroshi mai batir amma har yanzu dasashina na jini

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Tun ina yarinya nake tsoron likitan haƙori, saboda an taɓa cire min turmi allura ba ta gama kamawa ba. Har yau in na ji ƙarar injin nan sai jikina ya ɗauki ɓari. Shekara 9 rabona da zuwa. Bara ƙanwata ta dube ni ta ce, “Yaya, gindin haƙoranki na ƙasa ya yi rawaya.” Maganar ta tsaya min a rai, har na daina dariya cikin mutane. Ita ta kawo min buroshi mai batir, ta ce zai share komai. Wata 4 ke nan, haƙoran sun yi santsi ta waje, amma ta ciki ina jin wani abu mai tauri da harshena, ga jini. Buroshin ne ba ya aiki, ko in nemi mai caji?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, abu biyu kika haɗa. Akwai dauɗa mai laushi ta ƙwayoyin cuta da ke liƙe wa haƙori kullum, ita buroshi ke cirewa. In aka bar ta 'yan kwanaki, ma'adinan da ke cikin yawu su sa ta daskare ta zama kanta, wato abu mai taurin nan da kike ji, kuma babu buroshin da ke cire kanta, sai likita ya kankare. Buroshinki bai yi laifi ba. A 2014 ƙungiyar Cochrane, mai nazarin binciken lafiya, ta tattara bincike 56 da aka yi kan mutum sama da 5,000, ta ga buroshin lantarki ya fi na hannu rage dauɗar da kashi 11 cikin 100 a watanni uku na farko, da kashi 21 bayan haka. Mai zagayayyen kai da ke juyawa gaba da baya shi ya fi hujja. Wane iri ne naki? Minti nawa kike yi?

Anti Mai Haƙuri: Ƙanwata, ki koma na hannu ki huta. Nawa batir ya zubar da ruwa a ciki ya yi tsatsa, yara kuma suka mayar da na babansu abin wasa, kullum ni ce da faɗa. Inda yake jini ki bar gogawa sai ya warke.

Baban Yara: Anti, ki yi haƙuri, wannan kuskure ne. Dauɗar ce ke kumbura dasashin, in ta bar wurin jinin ƙaruwa zai yi. A goge a hankali, minti 2, sau biyu a rana, a sa zaren sakace a tsakanin haƙora.

'Yar Auta: Mai caji ya fi, Anti Uwar Biyu. Mai batir yana rage ƙarfi ba ki sani ba in batir ya fara sanyi. Ni ma na je asibiti a kankare min haƙora, aka bar ni zaune awa uku, wadda ta duba ni ko kallon arziki ba ta yi min ba, ban koma ba.

Uwar Biyu: Ai ba ƙazanta ba ce, sau uku nake gogewa, kuma ina dannawa sosai don ya fita. Kan buroshin ban canza ba don bai lalace ba tukuna. Asibiti kuwa kun ji abin da 'Yar Auta ta ce.

Baban Yara: Dannawar nan ce ke ƙara ji miki ciwo. Ɗora shi kawai za ki yi a bakin dasashi, haƙori ɗaya bayan ɗaya, ya yi aikinsa. Kan kuma duk wata 3 ake canzawa. Ki gaya wa likita tsoronki tun kafin ya fara. Har yanzu ba ki faɗi irin buroshin ba.

Uwar Biyu: Na gode Baba, amma ba ku san abin da na ji ranar nan ba. Ƙanwata ba za ta kawo min abu marar kyau ba. To in na samu mai cajin na yi wata biyu da shi, kantar ba za ta ragu ko kaɗan ba?