Furen fiyoni zai yi a Kumasi?

Hajiya Rabi, Aboabo:
Salamu alaikum. An kawo saiwar fiyoni (peony, shukar ado mai manyan furanni) daga Holan, ba sunan iri a jiki. Yaya ake gane irinsa, kuma zai yi fure a nan?

Malam Sani, Asawase:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Duba kara. In ganye da kara suka bushe har ƙasa duk shekara, mai taushin kara ne. In karan itace ya tsaya, na bishiya ne. Akwai haɗin su biyu, Itoh, wanda aka fara samarwa a Japan a 1948: ganyensa irin na mai karan itace ne, amma yana bushewa har ƙasa.

Alhaji Musa, Tafo:
Matsalar sanyi ce. Yana son wajen mako shida ƙasa da digiri 7 kafin ya yi toho, hunturunmu kuwa bai kai can ba. Sai a sa saiwar a firji cikin yashi mai ɗan danshi, nesa da tuffa, sannan a dasa a tukunya mai rami, idon saiwar (inda toho ke fitowa) ya nutse santimita 3 zuwa 5 kawai. In ya zurfafa, ganye za ki gani, ba fure. Ruwa ya kwanta kuwa, saiwar ta ruɓe.

Malam Sani:
Kuma kowace shekara sai an maimaita firjin, Hajiya.