Ɗan shekara 16 zai iya shan garin gina tsoka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Yaro ɗan shekara 16, kilo 55, yana ƙwallo da ɗaga ƙarfe. Garin furotin da creatine (sinadarin da 'yan wasa ke sha don ƙarin ƙarfin tsoka) suna da illa gare shi?

Malamar abinci: Wa alaikumus salam. Buƙatarsa giram 1.2 zuwa 2 na furotin ne ga kowane kilo a rana, wato 66 zuwa 110. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6. Haɗa da wake, awara, kifi, nono da ƙuli-ƙuli, abinci ya wadatar.

Likita: Creatine kuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta yarda da shi ga 'yan ƙasa da 18 ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne garin da ake cusa wa sitiroyid (maganin sa tsoka girma da sauri) a ɓoye: yana rufe wurin tsiron ƙashi da wuri, tsayin yaro ya tsaya, hanta ta taɓu, namiji ya yi nono. Maganin ƙiba na kasuwa ma sau da yawa dexamethasone (wani nau'in sitiroyid na daban) ne a ciki, kumburi kawai yake sa wa.

Koci: Malam, duba lambar NAFDAC (hukumar kula da abinci da magunguna) a jikin garin tukuna. Garin da ake sha kafin atisaye kuma cike yake da kafeyin, yana hana barci, zuciya ta riƙa dukan uku-uku.