Kamfani na girma da sauri, manhajarmu na neman fin ƙarfinmu: wa za mu saurara?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani nan Kaduna. Muna da manhajar waya da 'yan kasuwa ke rubuta ciniki da bashi a ciki, maimakon littafin nan da ake ajiyewa ƙarƙashin kanta. Ni ke tsara abin da za a ƙara da abin da za a gyara. Da muka fara, masu amfani da ita kaɗan ne, yawanci a Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi, har na san su da fuska. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya zo, kowa ya koma tiransfa da POS, jama'a suka yi ta tururuwa. Tun daga lokacin ba mu huta ba.

Yanzu kowa da tasa buƙatar. Wani babban dillalin kayan masarufi, mai biyan kuɗi masu kauri, yana so a haɗa masa lissafin sito uku a shafi ɗaya. Masu tallanmu suna yi wa mutane alƙawarin abin da ba mu gina ba. Oga kuma, abin da ya gani a wata manhaja da safe, kafin azahar ya ce mu yi irinsa. Muka yi ta ƙari har manhajar ta yi nauyi.

Makon jiya na je shagon wata Hajiya mai atamfa, tana cikin mutanen farko da suka yarda da mu. Ta miƙo min wayarta mai fasasshen gilashi, na danna, abin yana ta juyawa bai buɗe ba, ga mai saye a tsaye. Ta jawo tsohon littafinta ta rubuta bashin da biro, ba ta ce min uffan ba. Abin ya tsaya min a rai har yau. Ta yaya ake zaɓar wanda za a saurara?

Injiniya daga Barnawa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na taɓa shiga irin wannan. Ƙofofin da buƙata ke shigo muku ne suka yi yawa. Ku mayar da su ɗaya: duk mai so a ƙara wani abu, har oga, ya rubuta a wuri guda, ya faɗi wa zai amfana da kuma me za a jinkirta dominsa. Wannan tambaya ta biyu ita ke sanyaya gwiwar mutane. Ka kuma zauna da masu talla, kada su sake sayar da abin da babu.

Sannan ku sayi waya mafi araha da ake samu a kasuwa, ku ajiye a ofis. Duk sabon abu a gwada shi a kanta, cikin layin kasuwa inda sabis ke ɗaukewa. Rubuta bashi dole ya yi aiki ko babu data, in sabis ya dawo sai ya tura. Buƙatar dillali kuwa ku ware mata shafinta a kwamfuta, kada ku ɗora wa wayar Hajiya.

Dattijon Kakuri:
Yaro, ni ban san harkar waya ba, masaƙa na yi wa aiki shekara da shekaru. Amma na ga lokacin da oda ta yi yawa. Kowane dillali ya zo da zanen da yake so, a yi ta canza rini a inji, kowane canji da yadin da yake lalatawa. Wanda ya fi daraja a wurinmu shi ne mai duba kaya, wanda zai tsayar da bandir ya ce wannan ba zai fita ba, ko manaja na tsaye a kansa. Kana da wannan ikon a wurinku? In babu, shi za ka fara nema wurin oganka.

Mai shago a Kawo:
Ni irin Hajiyar nan ne. Abu uku nake buƙata: wa nake bi, nawa, yaushe zai biya. Yaron shagona ajami ya fi iyawa, boko sai a hankali. Da za a sa ya danna ya yi magana kamar a WhatsApp, da ya fi mana duk sabbin hotunan nan.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Baba, gaskiya ba ni da ikon, kuma ban taɓa nema ba. Na roƙi oga ya raka ni shagon Hajiya ranar Asabar ya gani da idonsa, ya ce to. Malam na Kawo, in ka yarda zan zo in yini a shagonka in ga yadda yaron ke aiki.