Wane sunan Suwidin zai dace da 'yar Musulmi?

Jama'a, a taimaka da shawara. Jaririya ce aka haifa a Suwidin, uwa 'yar ƙasar, uba Bahaushe. An raɗa mata A'isha, amma uwar na son ƙarin suna na ƙasarsu, ga shi dole a kai wa Skatteverket (hukumar haraji da rajistar jama'a ta ƙasar) sunan kafin ta cika wata 3.

Inda aka cije shi ne asali. Freja sunan abar bautar mutanen da ne, Ingrid da Astrid ma tushensu na komawa can. Maja kuwa "Maya" ake furtawa, kakanni a Kano za su ji kamar mayya. Linnea, sunan fure, ya fi kwanta mini. Malamai, akwai matsala a haɗa shi da A'isha? Wanne ya kamata a riƙa kiranta da shi?