Shirya waƙa a kwamfuta don ogan mai sauti 20: me ya sa takardar ke ɓata kiɗan?

Mai_Bututu: Assalamu alaikum. Waƙar da aka rubuta a MuseScore (manhajar rubuta kiɗa) aka fitar da MIDI (fayil mai ɗauke da jerin sautukan kiɗa) tana fita tsaf a kwamfuta, amma da an huda naɗin takarda an sa a ogan na juyi da hannu (abin kiɗa mai bututun iska da hujin takarda ke sa su busa), irin na kamfanin Raffin na Jamus, sai wasu sautuka su ɓace, masu maimaituwa kuma su manne. Ina matsalar take?

Sarkin_Zuga: Wa alaikumus salam. Malam, fara da ma'aunin, wato jerin sautukan da ogan ɗin ke da su. Ogan mai sauti 20 ba shi da C#, F#, G# ko B. Bas ɗinsa, wato sautuka masu kaurin murya, uku ne kawai: F, Bb da C. Saboda haka ka mayar da waƙar kan F ko Bb tun kafin komai. Sautin da ya rage babu bututunsa, kai za ka zaɓi makwafinsa da kunnenka; idan ka bar wa manhaja, shiru za ta yar da shi. Ƙarfin bugu da ke cikin MIDI kuma ba ya aiki a nan, bututu ko dai ya busa ko ya yi shiru.

Alhaji_Huji: Mannewar kuwa lissafi ne. A ce takarda na tafiya santimita 6 a daƙiƙa, kiɗan kuma bugu 120 a minti: bugu ɗaya milimita 30 ke nan. MuseScore na jera sautuka kusan ba tazara, sai hujin farko ya taɓa na biyu, bawul ɗin da ke sakar wa bututu iska bai samu ya rufe ba. Rage wutsiyar kowane sauti mai maimaituwa, ka bar aƙalla milimita 3. Noteur da Midiboek, manhajojin da masu wannan sana'a a Holan ke amfani da su, suna sauƙaƙa wannan sosai. Dogon sauti kuma kada ka yanke shi tsaga ɗaya. Jera ƙananan huji da siririyar gada a tsakani, in ba haka ba takardar ta yage.

Sarkin_Zuga: Gaskiya ne, Alhaji. Sai batun iska, wanda mutane ke rainawa. Bututu shida ko bakwai a lokaci guda suna zuƙe zugazugin, muryar ta sauka. Tsaya a huɗu, ka gajarta bas.

Malama_Amo: A ƙara da wannan: naɗin da ke jan takarda yana ƙara kauri, don haka ƙarshen waƙa ya fi farkonta gudu. Midiboek na iya rama hakan idan ka ba ta kaurin takarda da faɗin sandar naɗi. Huda rabin mita ka gwada tukuna kafin ka ɓata naɗi guda.