Wace kalma za mu sa wa "upset" a labarin wasanni?

'Yan'uwa masu rubuta labarin ƙwallo, ga wata kalma da ta daɗe tana ba mu wahala. A bakin Bature, "upset" ɓacin rai ne, ko kuma lalacewar ciki. Amma idan ta shiga shafin wasanni ko na zaɓe, nufinta wanda aka raina ya doke wanda kowa ya ba nasara tun kafin a busa usur. Duk wanda ya rubuta cewa Saudiyya ta ɓata wa Ajantina rai, to bai yi ƙarya ba, amma bai ba da labarin ba.

Mu ɗauki wasan da kansa. Ranar 22 ga Nuwamba 2022, a gasar cin kofin duniya, a filin Lusail na Katar, Ajantina ta shigo da wasa 36 a jere ba a doke ta ba. Messi ya fara cin fenariti. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Saleh Al-Shehri ya farke, minti biyar bayan haka Salem Al-Dawsari ya ƙara ta biyu, aka tashi 2-1. Washegari aka ba da hutu a Saudiyya. Wannan abin muke nema wa suna.

Abin da muka fi rubutawa shi ne "ta ba da mamaki" ko "ta yi ba-zata". Duka Hausa ce mai kyau, sai dai sun yi faɗi. Jamus ta ci Barazil 7-1 a Belo Horizonte a 2014, duniya ta riƙe baki, amma ba mai kiran wannan "upset", domin manya ne biyu suka haɗu. Yawan ƙwallayen ne ya zo da mamaki, ba wanda ya yi nasarar ba.

Wani ya kawo "shammata". Ban yarda ba. Wanda aka shammata bai shirya ba ne, ko an zo masa ta bayan fage. Kamaru kuwa gaba da gaba ta tari Ajantina ta Maradona a Milan a 1990, Omam-Biyik ya sa kai ya ci, ta kuma ƙarasa wasan da mutum tara a fili. Ina shammata a nan? "Mamaya" ma ciwonta ɗaya.

Akwai mai cewa mu ciro daga karin magana, ɗan hakin da ka raina. Ma'anar ta zauna daram, kuma "ɗan haki" zai yi wa ƙungiyar da aka raina kyau a cikin sharhi. A kanun labari dai ya yi tsawo, kuma ba kowane edita zai bari a kira ƙasa sukutum haki ba.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "kayen ba-zata". Kaye namu ne tun daga filin kokawa, kuma ya riga ya shiga labarin siyasa, kullum muna jin wane ya sha kaye a zaɓe. Idan aka jingina masa ba-zata, to faɗuwar ce ba a zata ba, ba yawan ci ba, don haka wasan Jamus da Barazil ya fita daga ciki. Ku gwada a baki: Sanagal ta yi wa Faransa kayen ba-zata a 2002. Buster Douglas ya yi wa Tyson kayen ba-zata a Tokyo a 1990. Trump ya yi wa Hillary Clinton kayen ba-zata a 2016. Ƙwallo, dambe, zaɓe, duk ta hau.

Inda ba ta shiga shi ne canjaras. Idan ƙaramar ƙungiya ta riƙe babba aka tashi kunnen doki, ba wanda ya kai ƙasa, sai mu bar wa "ta riƙe mata wuya". Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kokawa ta fi zama a jininku, yaya kuke cewa idan sabon shiga ya kayar da mai takobi, wato zakaran kokawa na Nijar? In akwai kalma guda ɗaya a can, ta fi tawa.